Me ya sa Cocin Katolika ta sa kula da muhalli ƙarƙashin dokar hana sata?

A cikin Dokoki Goma, bisa lissafin Katolika, ta bakwai ita ce "Kada ka yi sata". A ƙarƙashinta ne Katikizim ɗin Cocin Katolika, wato littafin da ya tattara koyarwar cocin, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1992, ya ajiye batun ƙasa da ruwa da itatuwa da dabbobi, daga sakin layi na 2415 zuwa 2418. Mai neman maganar muhalli ba lalle ya fara duba nan ba, amma da dalili aka sa ta a wurin.

Dalilin shi ne, a koyarwar cocin, abin da Allah ya halitta rabon kowa ne: waɗanda suka shuɗe, da mu, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wanda ya share daji ƙaf don gawayi har ƙasa ta bushe, ko ya zuba guba a rafin da ƙauyen gaba ke sha, ya ci rabon wani ke nan, ko da takardar filin tana aljihunsa. Gaskiya ne littafin Farawa, na farko a Littafi Mai Tsarki, ya ba mutum iko a kan halitta, amma cocin ta ce ikon yana da iyaka, kuma iyakar ita ce rayuwar maƙwabci da ta jikoki. A wannan littafin dai aka ce an sa mutum a gonar Aidan domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta.

Kan dabbobi dokar ta fito fili sosai. An yarda a ci nama, a yi tufafi da fata, a sa bijimi ya ja garma. An yarda a gwada magani a jikin dabba muddin ba a wuce gona da iri ba, kuma gwajin zai taimaka wajen ceton ran mutum. Abin da aka hana shi ne azabtar da dabba ko kashe ta ba gaira ba dalili. Jakin da aka labta wa buhunan yashi har bayansa ya yi gyambo, ana kuma binsa da sanda, yana cikin abin da ake nufi. Haka kajin da ake ɗaurewa a rataye a babur kai ƙasa, cikin rana tsaka. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da masu son dabbobi kan tsallake: ba daidai ba ne a kashe wa dabba kuɗin da ya kamata a fara rage wa mutane wahala da su. A ganina wannan sharaɗin ne ya ba dokar nauyinta, don bai bar kowa ya fake da tausayin kare ya manta da mai jin yunwa ba.

A 2015 Fafaroma Francis ya faɗaɗa maganar a wasiƙarsa Laudato Si', mai babi 6 da sakin layi 246. A ciki ya ce samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙin kowane ɗan Adam ne, kuma ƙasashe matalauta suna bin ƙasashe masu arziki bashin muhalli. Mutanen gaɓar Tafkin Chadi da manoman da hamada ke cinye wa gonaki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Ya ambaci ƙananan abubuwa ma, irin rage leda, dafa iya abin da za a ci, dasa bishiya da kashe fitilar da ba a amfani da ita. A 2023 ya rubuta wata wasiƙar kuma, Laudate Deum, yana kukan cewa shugabannin duniya suna jan ƙafa.

Wannan ba dokar kotu ba ce, babu tara babu ɗauri. Tana kan lamirin ɗan Katolika ne, a Roma yake ko a Kaduna, kuma karya ta da gangan zunubi ne. Francis da kansa ya ce cocin ba ta zo ta yanke hukunci kan muhawarar masana kimiyya ba, ba ta kuma maye gurbin 'yan siyasa. Don haka 'yan Katolika biyu na iya saɓani kan wace manufar gwamnati ce ta fi, amma babu wanda ke da damar cewa abin bai shafi bangaskiyarsa ba.