Shari'ar Adnan Syed

Shari'ar Adnan Syed shari'ar kisan kai ce da aka yi a Baltimore, jihar Maryland ta Amurka. Ta yi fice a duniya bayan shirin sauti na intanet mai suna Serial ya bi diddiginta a 2014, kuma ana yawan kawo ta misali a muhawara kan ƙa'idar shakka mai tushe.

Asalin lamarin

Hae Min Lee, ɗaliba mai shekara 18 a makarantar sakandaren Woodlawn, ta ɓace ranar 13 ga Janairu 1999. An tsinci gawarta ranar 9 ga Fabrairu a dajin shaƙatawa na Leakin, an shaƙe ta. A ƙarshen watan aka kama Syed, tsohon saurayinta, yana da shekara 17. Zaman shari'ar na farko ya rushe a Disamba 1999. A Fabrairu 2000 masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da laifi, aka yi masa ɗaurin rai da rai da ƙarin shekara 30.

Inda shakkar take

Dokar Amurka ta ɗora wa masu gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi har ba sauran shakka mai tushe, abin da Kotun Ƙoli ta jaddada a 1970. Hujjarsu a nan ta tsaya kan abu biyu. Na farko wani sanin Syed ne da ya ce ya taya shi binne gawar, shi ne kuma ya kai 'yan sanda inda motar marigayiyar take, sai dai labarinsa ya yi ta sauyawa. Na biyu bayanan turakun sadarwa, waɗanda aka ce sun nuna wayar Syed a kusa da dajin daren ranar. Daga baya aka lura da wata takardar kamfanin waya na AT&T da ke gargaɗin cewa ba a dogara da kiran da ya shigo wajen gano wuri. Akwai kuma wata ɗaliba da ta ce ta ga Syed a laburare da yammacin ranar, amma lauyarsa, Cristina Gutierrez, ba ta neme ta ba. 

Sarah Koenig, mai gabatar da shirin, ta zayyana waɗannan a kashi 12 na Serial. Abin da masu sauraro da dama ba su lura da shi ba: da zarar an yanke hukunci, nauyin hujja yana komawa kan wanda aka ɗaure. Kotun ɗaukaka ƙara kuskuren shari'a take nema, shakkar da ke zuciyar jama'a ba ta isar ta.

Bayan shirin

A 2016 alƙali Martin Welch ya ba da umarnin sake shari'ar, babbar kotun jihar ta soke umarnin a 2019 da rinjayen alƙalai 4 kan 3. A Satumba 2022 aka soke hukuncin samunsa da laifi, Syed ya fito bayan kimanin shekara 23. A 2023 aka maido da hukuncin, don ba a ba ɗan'uwan Lee isasshiyar sanarwar halartar zaman ba. A Maris 2025 aka rage ɗaurin zuwa abin da ya riga ya yi.

Matsayin yanzu

Hukuncin laifin yana nan. Syed ya ce bai aikata ba. Iyalan Lee sun yi imanin shi ne.