Gwanjon dabbobi da kayan noma: yaushe ciniki ke faɗawa?

Idan manomi zai bar noma, ko bashi ya ci gonarsa, akan tara shanu, tumaki, tarakta da garma a yi gwanjonsu rana ɗaya. Mutane kan shiga tayi da zafi, da yawansu kuwa ba su san a wane lokaci maganarsu ke ɗaure su ba.

Lokacin shi ne bugun guduma. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, a sashe na 58, wanda ya koma sashe na 57 a dokar 1979, ta ce ciniki bai faɗa ba sai mai gwanjo ya buga guduma ko ya yi wata alama da aka saba da ita. Dokar kasuwanci ta Amurka ma haka ta tanada a sashe na 2-328. Kafin bugun, kana iya janye tayinka. Kotu ta tabbatar da haka tun 1789 a shari'ar Payne da Cave. Kowane kaso kuma cinikinsa daban, sayen garma bai ɗora maka tarakta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan bugun. A dokar Ingila, dabbar da aka nuna aka sallama ta zama taka nan take, ko ba ka biya ba, ko tana nan ɗaure a turken mai ita. Asara kuwa mai kaya take bi. Idan saniyar ta karye wajen lodi, ko ta kwanta cikin dare ta mutu ba da sakacin kowa ba, kai za ka biya kuɗinta, sai dai in sharuɗɗan gwanjon sun faɗi akasin haka. Shi ya sa takardar sharuɗɗan da ake rabawa kafin a fara ta fi ihun mai gwanjo muhimmanci. Duba kwana nawa aka ba ka ka dawo da dabba in ta fito da ciwo, duba ko an rubuta cewa injin yadda ka gan shi haka ka saye shi.

Shi ma mai kaya doka ba ta sake shi ba. Ba zai sa ɗan kore ya riƙa ƙara tayi don farashi ya hau ba, muddin ba a sanar tun farko cewa shi ma zai taya ba. Mai saye na iya ɗaukar wannan ciniki a matsayin zamba. Yana da damar kafa farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, amma in an shelanta cewa babu irin wannan farashi, to magana ta zauna, dole a sallama wa wanda tayinsa ya fi. A 2000, a shari'ar Barry da Davies, a gwanjon da aka ce babu irin wannan farashi, wani ya taya injinan gwada lafiyar mota guda biyu fam 200 kowanne, alhali sabon kowanne ya kai kusan fam 14,000. Mai gwanjo ya ga arahar ta yi yawa, ya janye su. Kotu ta sa ya biya mai tayin diyyar fam 27,600.