Ma'anar "instru", kiɗan da babu mawaƙi a kansa

In ka zauna a majalisar samari a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, bayan isha'i, ana zuba shayi ana miƙa waya hannu da hannu, ba za ka daɗe ba sai ka ji wani ya ce, "Turo mini instru ɗin nan." A Kusseri da Njamena ma haka ake faɗa. Kalmar gutsure ce daga Faransanci: an datse "instrumental" aka riƙe kanta aka yar da jelar. A baki tana fita kamar "anstiru". Ma'anarta a taƙaice, kiɗa ne wanda babu muryar mawaƙi a kansa. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, su Mubi da Yola da Maiduguri, sun fi cewa "bit". Da Hausa kuwa a ce kiɗa zalla.

Sai dai kalmar ta ɗauko kaya fiye da ɗaya, kuma masu faɗinta ba kullum suke nufin abu guda ba.

Wani in ya ce instru, waƙar da kowa ya sani yake nufi, amma an zare muryar. Irin wannan ake nema ranar biki, ko in 'yan makaranta za su yi wasa, ko yarinya na son gwada muryarta a kan waƙar da take ƙauna. A situdiyo abin ba wuya, domin kowane sauti da layinsa ake ɗaukarsa, ganga daban, fiyano daban, murya daban. Mai haɗa sauti ya kashe layin murya, shi ke nan. Wahalar tana wurin wanda bai da komai sai gamammiyar waƙa a waya. Tsohuwar dabara ita ce ta sauti mai ɓangare biyu, hagu da dama: yawanci ana ajiye muryar mawaƙi a tsakiya, daidai wa daida a ɓangarorin biyu, to in aka debe ɗaya daga ɗaya sai muryar ta ɓace. Amma tana tafiya da duk abin da ke tsakiya tare da ita, har da amon ganga mai kauri, a bar ka da kiɗa sirit kamar kunun da aka cika wa ruwa, muryar kuma tana leƙowa daga nesa kamar ta aljani. Daga 2019, lokacin da kamfanin Deezer na Faransa ya saki manhajar Spleeter kyauta, na'ura mai ƙwaƙwalwa ta koyi rarrabe murya da kayan kiɗa, aikin ya fi tsabta ƙwarai. Duk da haka mai kunne yakan gane gurbin da aka cire abu.

Wani kuma yana nufin kiɗan da aka gina tun farko don mawaƙi ya hau. Wannan shi ne abincin 'yan situdiyo. Yaro ya zauna da kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ko da fiyanon Yamaha irin wanda ya raini waƙoƙin finafinan Kano, ya jera kiɗa ya bar wa murya fili. Dabarar ba sabuwa ba ce. A Jamaika, tun ƙarshen shekarun 1960, ana buga faifai da waƙa a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuma kiɗanta zalla, don masu magana a dandalin rawa su hau kai. Mawaƙa goma na iya hawa kiɗa guda kowa da baitinsa. Irin wannan instru, in ka saurare shi shi kaɗai, za ka ji kamar ɗaki ne da aka share aka shimfiɗa tabarma, ana jiran baƙo.

Na ukun shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami: kiɗan da ba ya jiran kowa. Ba a cire masa murya ba, ba a kuma bar mata wuri ba. Shi ne masu sha'awar abin ke farauta, suna musaya da juna kamar yadda dattawa ke musayar goro.

Akwai kawuna, mahauci ne, ya tsufa a kan sana'ar tsire da kilishi. Wata rana ƙanena ya kunna wani kiɗan fiyano a rumfarsa, aka yi minti biyu ba wanda ya buɗe baki a cikin wayar. Kawu ya ajiye wuƙa ya ce, "Kai yaro, wannan taken wane ne?" Ƙanena ya ce, "Kawu, ai ba na kowa ba ne." Ya ce, "To me yake cewa?" Aka ce ba ya cewa komai. Kawu ya girgiza kai ya koma yankan namansa, ya ce bai taɓa jin ganga ta yi ta surutu ba tare da ta faɗi magana ba.

Samarin suka yi dariya, amma ni na ga tambayar ta fi amsar nauyi. Bahaushe tun fil azal ya raba kiɗa da waƙa da busa, ya raba makaɗi da mawaƙi da mabushi da 'yan amshi. Kiɗa ba waƙa ba baƙon abu ba ne gare mu. Abin da muke da shi shi ne take. Take guntun kiɗa ne ko busa da aka keɓe wa mutum, ko sarauta, ko sana'a; ɗan dambe na da nasa, manomi a gayya na da nasa, mahauta kuwa kalangu nasu ne tun kaka da kakanni. Kuma take magana ce. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓa tana hawa ko ta sauka ko ta faɗo, wasali yana tsawo ko ya gajarta. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiyar a hammatarsa sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, ta haka yake bin sawun kalmomin kirari gaɓa-gaɓa. Wanda ya san kirarin yana jin kalmomin a kansa ko da ba a furta ba. Shi ya sa ɗan dambe ke zabura tsikar jikinsa ta tashi alhali ba wanda ya kira sunansa da baki. Haka algaita da kakaki suke yi a ƙofar fadar Lamiɗo ranar sallah, a Garwa ko Ngaundere ko Marwa: mai algaita ya cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci busar ba ta yanke ba, kuma abin da yake busawa yabo ne da fadawa suka haddace.

Don haka ban yarda da masu fassara instru da take ba. Take yana da mai shi, yana da kalmomi a ɓoye. Instru na uku ba shi da ko ɗaya. In ana neman danginsa a gida, sai dai a duba sarewar makiyayi a bakin Binuwai da yamma, ko mai gurmi da ke taɓa tsarkiya shi kaɗai kafin jama'a su taru. Kunnen da aka raina da take yakan sha wuya da farko, yana ta laluben maganar da babu. Sai ya gaji da nema tukuna yake fara jin wasu abubuwa: yadda ganga ke jinkirta bugu ɗaya da gangan, yadda kayan kiɗa biyu ke amsa wa juna, inda aka yi shiru.

Me ake samu a wayoyin masu wannan farauta? Gauraye ne, ba a bin layi ɗaya. Na gida dai akwai Manu Dibango, ɗan Duwala mai busa saksofon, wanda ya rasu a Faransa a 2020. "Soul Makossa" da ta kai sunansa Amurka ta fito ne a 1972 a fuska ta biyu ta faifan da aka yi domin gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a shekarar. Kalmomin cikinta ba su cika tafin hannu ba, busa ce ke jan ragama. Akwai Francis Bebey, shi ma ɗan Duwala, da ya rasu a 2001, wanda ya haɗa jita da sanza (ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da yatsa) da na'urorin lantarki tun mutane ba su saba ba. Daga Nijar akwai Mamman Sani, da ya ɗauki kiɗan ogan a kaset a 1978, rediyo da talabijin na ƙasar suka yi shekaru suna sa shi tsakanin shirye-shirye, mutane sun san kiɗan sarai ba su san mai shi ba, sai da wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013. Daga Mali akwai faifan da Ali Farka Touré da Toumani Diabaté suka fitar a 2005, jita da kora (wani irin babban molo mai tsarkiya da yawa) suna hira, wanda ya ci kyautar Grammy. Daga Habasha akwai Mulatu Astatke, mai kiɗan jaz. Su kuma 'yan Njamena, da kunnensu ya daɗe da sabawa da kiɗan Sudan, su ke kawo na garayar Larabawa da ake kira ud.

Na lura na Habasha da na Sudan sun fi saurin shiga kunnen mutanenmu fiye da na Turai, kuma akwai dalili. Yawancinsu a kan matakan sauti biyar aka gina su, kamar yadda yawancin kiɗan goge da garaya da molo suke, alhali kiɗan Turai ya fi tafiya a kan bakwai. Mutum ya ji abin daga Adis Ababa ya rantse ya taɓa jinsa a wani biki a ƙauyensu.

Wani abin da ya sa instru ya samu gindin zama a yankinmu shi ne yawan harsuna. Kamaru na da sama da 200, Cadi sama da 100. A majalisa guda a Marwa za ka tarar da mai Fulatanci, da mai Hausa, da Babarbare, da Bashuwa, da Bagiziga, da Batupuri. Sa waƙar Hausa, rabi su bi ma'ana rabi su bi rawa. Sa ta Larabci, a juya. Kiɗa zalla kuwa ba ya bukatar tafinta, ba wanda ya fi wani kusa da shi. Ga kuma masu dalilin kansu: tela da ke son abin da zai raka ƙarar keke ba tare da ya ɗauke masa hankali ba, ɗalibin jami'ar Ngaundere da ke bitar darasi, fasinjan jirgin ƙasa da zai kwana a hanyar Yawunde. Batun hukuncin kiɗa a addini na malamai ne, kuma sun yi magana mai yawa a kai. Abin lura kawai shi ne manhajar da ke zare murya ta bar kiɗa ita ce dai wasu ke amfani da ita su zare kiɗa su bar murya.

Hanyar yaɗuwarsa kuwa ta talaka ce. Kuɗin intanet ba wasa ba, don haka memori da Bluetooth da Xender su ne kasuwar, sai WhatsApp ga na nesa. Kiɗan minti biyar a MP3 mai matsakaicin inganci bai wuce megabait biyar ba, ya tsallaka gadar Ngeli daga Kusseri zuwa Njamena a aljihun ɗan moto. Amma a hanya yana zubar da kaya. Wani zai kunna a lasifika ya sake ɗauka da saƙon murya, da kukan akuya da hon ɗin mota a ciki, ya tura wa na gaba. Mafi muni, sunan yana ɓata. Fayil ya iso gare ka da jerin lambobi kawai, ko wani ya raɗa masa "instru mai daɗi 2". Waƙa ko ta rasa suna, ka kama baiti ɗaya ka tambaya a gaya maka mai ita. Kiɗa zalla fa, da me za ka tambaya? Sai ka ga ƙato da gemu yana "tin-tirin-tin" da baki a gaban mai tura waƙoƙi a kasuwa. Manhajar Shazam takan taimaka: tana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi na sauti, ta fitar da wani abu kamar zanen yatsa, ta gwada da abin da ke rumbunta. To amma abin da ba a taɓa shigarwa rumbun ba, ba ta san shi ba. Za ta gane Dibango nan take, mai gogen da aka ɗauka da waya a wani suna a Gidar kuwa ta yi shiru.

Wannan ɓatan suna shi ya fi ci mini rai, domin tsohon ciwo ne ya samu sabuwar riga. Kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne za su iya lissafa makaɗan kalangun da suka yi shekaru a bayansa? Ɗan Maraya Jos ya tsira ne don shi ke kaɗa kuntiginsa da kansa. Mun saba ɗaukar makaɗi a matsayin ɗan rakiya. Yau ma yaro zai kwana uku yana haɗa instru, wani ya tsince shi a waya ya hau kai ya yi suna, ko gaisuwa babu. Doka dai tana nan: Kamaru na da dokar haƙƙin mallakar fasaha ta shekarar 2000, Cadi na da ofishin BUTDRA mai kula da wannan haƙƙin, kuma kiɗa ba sai da waƙa yake zama mallakar wanda ya ƙirƙire shi ba. Kafin a kai ga doka ma, abin da masu musayar kirki ke yi ya isa koyi: ba sa tura kiɗa sai sun gyara sunan fayil, sun sa mai shi da ƙasarsa, in sun san shekara su ƙara.

Kawu kuwa, bayan wata biyu da waccan magana, ya kira ƙanena ya ce, "Zo nan, ɗan nan. Wannan na sarewa da ka sa rannan, sa mini shi a waya, in an kira ni shi nake so ya riƙa tashi." Aka sa masa. Har yau ba mu gano wanda ya busa ta ba, Shazam ma ta gaza. Amma duk layin mahauta, da zarar sarewar ta tashi, sai ka ji yaran rumfa suna cewa, "Ga taken Kawu can, a miƙa masa waya hannunsa da maiƙo."