Me ake nufi da "aure" a noman kabewa?

Duk wanda ya taɓa sayen mangwaro ɗan aure ya san kalmar, ko da bai taɓa ganin yadda ake yi ba. Aure shi ne a haɗa tsiro biyu su zama ɗaya: na ƙasa, wato gindi, shi ke da saiwa, na sama shi ke fitar da ganye da fure da 'ya'ya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ana yi wa dangin kabewa ma, su kankana da kokwamba.

Manoman Japan da Koriya ne suka fara, wajen ƙarshen shekarun 1920, saboda wata cuta da ke zaune a cikin ƙasa tana toshe jijiyoyin kankana har ta yanƙwane. Sai suka ɗora kankanar a kan gindin da ke jure cutar, wato na kabewa da na duma, duman nan da muke fafe ƙwarya da shi. Yanzu gindin da ya yi suna shi ne Shintoza, wanda aka samar daga barbarar nau'in kabewa biyu.

Aikin na son nutsuwa. Tsiron yana ƙarami, da ganyensa biyu na fari, za a yanka karan a karkace da reza mai tsabta, a haɗa yankan biyu, a maƙale da ɗan matsi. Daga nan sai inuwa da danshi na kusan mako guda. Rana ta buge shi kafin ya kama, an yi asara.

To, me gindi ke canzawa? Ci da sha. Saiwa mai ƙarfi tana zuƙo ruwa da taki sosai, yaɗo ya yi tsawo, ƙwaya ta cika. Ga masu noman kabewa don mai, irin na yankin Styria a Ostiriya, inda ƙwayar ba ta da ɓawo mai tauri kuma man nata kore ne mai duhu, cikar ƙwaya ita ce kuɗin. Amma a ganina ana yawan zuzuta aure a nan: irin da ke sama shi ne ke da babban rabo a yawan mai da ɗanɗanonsa. Kuma ba kowane gindi ke karɓar kowane kai ba. Kankanar da ke kan gindin kabewa takan makara wajen nuna, in aka yi gaggawar tsinka sai a ji ta salam.

Wanda kuma ya ajiye iri daga kabewar aure ya shuka baɗi, kabewar sama zai samu da saiwarta ta asali. Gindi ba ya bin iri, kowace shekara sai an sake ɗaurawa.