Ƙofar Menin

Ƙofar Menin gini ne na tunawa da sojoji, wanda yake gefen gabas na birnin Ypres a ƙasar Beljiyam. An gina ta domin sojojin Birtaniya da na daularta da suka mutu a wannan yanki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma ba a san kabarinsu ba. Ta wannan hanya ce dubban sojoji suka riƙa fita zuwa fagen daga, inda ruwan harsasan igwa da zurfin taɓo suka haɗiye gawarwaki masu yawa.

Sir Reginald Blomfield ne ya zana ginin, Lord Plumer, babban hafsan sojan Birtaniya, kuma ya buɗe shi ranar 24 ga Yulin 1927. Titin mota ya ratsa ta tsakiyarsa, kuma a jikin bangayen ciki da na matakala an sassaƙa sunaye fiye da 54,000, an jera su bisa runduna da muƙami, har da 'yan Ostireliya, Kanada, Afirka ta Kudu da Indiya. Duk da girmanta, ƙofar ta kasa ɗaukar dukkan sunayen, don haka aka kai na sojojin Birtaniya da suka ɓace daga 16 ga Agustan 1917 zuwa bangon tunawa na maƙabartar sojoji ta Tyne Cot da ke kusa da Ypres. Har yau manoma da magina kan tono ƙasusuwa a yankin; idan aka gane mamacin, sai a yi masa kabari, a cire sunansa daga bango.

Abin da ya fi fito da ƙofar shi ne busar begila ta bankwana da ake kira Last Post, wadda aka fara a 1928. Kowace rana da ƙarfe 8 na dare 'yan sanda kan tsare titin, masu busa su tsaya ƙarƙashin ginin su busa, jama'a su yi shiru, wasu su ajiye furanni. Abin lura shi ne, masu busar 'yan kwana-kwana ne na garin, domin mutanen Ypres ne suka ɗora wa kansu wannan al'ada don nuna godiya.

Mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ta dakatar da ita daga Mayun 1940, aka ci gaba da yi a maƙabartar sojoji ta Brookwood a Ingila. Ranar 6 ga Satumban 1944, da sojojin Poland suka shigo Ypres, a yammacin nan aka koma busa a ƙofar, alhali ana ci gaba da faɗa a wasu unguwannin garin.