Waiwaye: yadda jirgin rakiya ya zama idon matuƙin gwaji

Duk wanda ya kalli bidiyon ranar da sabon jirgin sama ya fara tashi zai lura da wani ƙaramin jirgi manne a gefensa kamar ɗan rakiyar amarya. Toh ba ado ba ne. Matuƙin gwaji yana cikin ɗan akurkinsa, ba ya ganin ƙeyarsa ba ya ganin cikin jirginsa ta ƙasa, in mai na zuba ko taya ta ƙi saukowa ko wani murfi ya ɓalle sai dai na gefe ya hango ya faɗa masa ta rediyo.

Kyamara ta riga jirgin rakiya shiga harkar. Ranar 17 ga Disamba 1903 a Kitty Hawk, Orville Wright, matuƙin jirgin sama mai inji na farko, shi ne ya kafa kyamara da kansa ya ce wa wani mutumin yankin mai suna John Daniels ya danna in ya ga jirgin ya bar ƙasa, tashin daƙiƙa 12 ne kacal, amma hoton nan shi ne shaidar da ake nunawa har gobe.

Rakiya ta kankama ne sosai bayan yaƙin duniya na biyu a hamadar Kalifoniya, filin Muroc da yanzu ake kira Edwards. Ranar 14 ga Oktoba 1947 aka saki jirgin gwaji X-1 a sama daga cikin babban jirgin B-29, Chuck Yeager na tuƙa X-1 ɗin da karyayyun haƙarƙari saboda doki ya kayar da shi kwana biyu kafin nan kuma ya ɓoye wa manyansa, ya wuce saurin sauti. Wanda ke sama yana jiransa cikin P-80 shi ne Bob Hoover, wanda dama shi ne na ko-ta-kwana da Yeager ya kasa. Ka ji rabo, wani ya shiga tarihi wani ya ɗau hoto.

Zamanin X-15, jirgin roka da shi ma daga wani babban jirgi ake sakinsa a sama, daga 1959 zuwa 1968, tashi 199, babu jirgin da zai iya bin sa saboda gudu, sai aka dinga jera 'yan rakiya a hanya, wani ya tsaya wajen saki ya tabbatar injin ya kama, wani ya tare shi wajen sauka yana faɗa masa tazarar da ta rage ya taɓa ƙasa. Wani abin da ke ba ni dariya, injiniyoyi da duk lissafinsu zaren ulu suke mannawa a fuka-fuki reras, in iska na bi daidai zaren ya kwanta luf, in ta rikice ya hau rawa, kyamara ta ɗauka su zauna a ofis suna kallo.

Ranar baƙin ciki ita ce 8 ga Yuni 1966. Kamfanin General Electric na son hoton talla na jiragen da ke amfani da injinansa, aka jera F-4 da F-5 da T-38 da F-104 kusa da ƙaton jirgin gwaji XB-70, wani Learjet na gefe yana ɗauka. An gama ɗaukar ma, sai F-104 ɗin Joe Walker ya matso dab da bakin fiffiken dama na XB-70, guguwar iskar da fiffiken ke haddasawa ta fizge shi ta mirgina shi ta kan bayan XB-70 ya karya masa jela, shi F-104 ɗin ya kama da wuta. Walker, babban matuƙin gwaji na NASA wanda ya tuƙa X-15 har sararin samaniya, ya rasu nan take. Cikin matuƙan XB-70 biyu, Carl Cross bai samu fita ba shi ma ya rasu, Al White ne kaɗai ya tsira da munanan raunuka. Ni dai har yau abin na ci min rai, ba gwaji ake ba ba komai ba, hoto kawai, kuma kyamarorin da aka kawo don talla su suka ɗauki hatsarin.

A 2003 kuma rashin hoto mai kyau ne ya yi ɓarna. Kyamarorin ƙasa sun nuna wani guntun soso ya bugi fiffiken kumbon Columbia wajen daƙiƙa 82 da tashi amma hoton dishi-dishi ne, aka ce ba matsala, ranar 1 ga Fabrairu wajen dawowa ƙasa ya tarwatse da mutum 7. Da aka dawo tashi a 2005 sai ga jiragen WB-57 ɗauke da kyamarori suna bin kumbon daga sama.

Yanzu kam abin ya koma wani iri. A 2019 NASA ta fitar da hotunan da aka ɗauka daga jirgin King Air inda ake ganin igiyoyin iskar da T-38 guda biyu ke tsagawa suna haɗuwa da juna, abin da ido ba ya gani. Ranar 28 ga Janairu 2025 da XB-1 na kamfanin Boom ya wuce saurin sauti a Mojave, Mirage F1 da T-38 ne suka raka shi, kuma hoton da duniya ta kalla kai tsaye daga kujerar bayan T-38 ɗin ya fito, da wayar iPhone da intanet ɗin Starlink.