Waiwaye: yadda kalmomin yankuna suka maƙale a cikin Turanci

A shekarar 1490, William Caxton, wanda ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, ya ba da wani labari a gabatarwar littafin da ya fassara daga Faransanci. Wasu fatake ne suka rasa iskar da za ta tura jirginsu a bakin kogin Thames, suka sauka neman abin kai wa baka. Ɗayansu ya ce wa matar gida ta kawo masa "egges". Ta ce ita ba ta jin Faransanci. Ran mutumin ya ɓaci, domin shi ma ba ya ji. Sai da wani ya ce ai "eyren" yake nufi, sannan ta gane ƙwai ake nema. Damuwar Caxton ta mai sana'a ce: wacce zai buga a littafi, kowa ya fahimta?

Tushen wannan ruɗani ya girmi Caxton da ƙarnoni. Tsohon Turanci yana da manyan karin harsuna huɗu: na Northumbria a arewa, na Mercia a tsakiya, na Kent a kudu maso gabas, da na Wessex a kudu maso yamma, wanda Sarki Alfred ya ɗaukaka a ƙarshen ƙarni na 9. A lokacin ne mayaƙan Viking, mutanen Scandinavia, suka zauna a arewa da gabas, harshensu ya cuɗanya da na 'yan ƙasa. Daga bakinsu "egg" ta fito, ita kuwa "eyren" 'yar gida ce. Baƙuwar ta kori 'yar gida. Haka "they" da "them" da "their" suka gangaro daga arewa har suka mamaye Landan. Amma "kirk" wato coci, da "beck" wato rafi, ba su samu wannan sa'a ba, sun tsaya a arewa.

Inda abin ya fi daɗin bincike shi ne wasali guda da ake rubutawa "y" a tsohon Turanci, mai kama da "i" da aka furta da leɓɓa a zagaye. Bayan mamayar da mutanen Normandi ta Faransa suka yi wa Ingila a 1066, da aka daina bin salon rubutun Wessex, kowane yanki ya rubuta yadda yake faɗa. Arewa da gabashin tsakiya suka mai da wasalin "i", yamma ta rubuta shi "u", Kent ta mai da shi "e". Landan, mahaɗar fatake, ta ɗebo daga kowane ɓangare ba tare da tsari ba. Shi ya sa "busy" ke da rubutun yamma da furucin gabas, "bury" kuma rubutun yamma da furucin Kent, "merry" kuwa ta Kent ce ciki da waje. Ɗalibin da malami ya daka kan waɗannan kalmomi ba shi da laifi. Haka nan kudu ta saba mai da "f" ta farkon kalma "v", kuma sawun hakan ya rage a "vixen", macen "fox" wato yanyawa, da kuma "vat" wato babbar ganga.

Mai son gano asalin kalma daga tsohon rubutu yana da tarko a gabansa: masu kwafa. Kafin ɗab'i, mai kwafa yakan juya abin da ya gani zuwa karin harshensa, na bayansa ya sake juyawa, har shafi ɗaya ya ɗauki yankuna uku. Dabarar masana ita ce duba amsa-amon waƙa. Mawaƙin arewa zai haɗa "hame", wato gida, da "name". Idan mai kwafa na kudu ya gyara ta farko zuwa "home", amsa-amon ya karye, kuma karyewar ce ke tona inda aka yi waƙar.

Tattara kalmomin kuwa ya zo a makare. John Ray ya fitar da ɗan tarinsa a 1674. Babban aikin na Joseph Wright ne, ɗan Yorkshire da ya yi ƙwadago a masaƙa tun yana yaro, bai iya karatu ba sai wajen shekara 15, ya kuma zama farfesa a Oxford. Ƙamusunsa na karin harsunan Turanci ya fito a juzu'i shida tsakanin 1898 da 1905. Daga 1950 zuwa 1961, ayarin Harold Orton na Jami'ar Leeds ya ziyarci wurare 313 da tambayoyi wajen 1,300. Tsofaffin manoma maza da ba su taɓa barin ƙauye ba suka fi nema, don haka bakin mata da na 'yan birni bai samu shiga sosai a wannan taska ba.